Kular Baba a Bayan Coci

Har yau idan na ga kular abinci a ajiye ita kaɗai, babu kowa kusa da ita, sai na kasa zama. Ko a gidan biki ne kuwa. Kwanan nan a wajen wani ɗaurin aure a Narayi na tashi daga kujerata na je na tsaya a kan wata jar kula ina cewa, "Jama'a, ta wace ce wannan?" Mai ita ta taso tana hararata, a zatonta naman da ke ciki nake hari. Na bar ta da zatonta. Ta ina zan fara yi mata bayani ana ta kiɗa?

A Makera muka tashi. Babana daga Filato ya zo tun yana saurayi ya kama aiki a masaƙa a Kakuri, a can inji ya taɓa danne masa ƙafar hagu, shi ya sa yake ɗan jan ta. Da masaƙa ta rufe sai ya koma gadin wani shagon kayan gini a ƙetaren gada, cikin gari. Har ranar Lahadi yana aiki, don haka sujadar farko yake zuwa, daga nan ya wuce da kularsa shuɗiya mai hannu ɗaure da jar waya. Kuma ba ya shiga cikin coci, wai zafin kwanon rufi yana sa shi jiri. A lungun bayan katanga akwai wani bulo a gindin mangwaro, kusa da famfo. Nan yake zama ya miƙe ƙafar, yana jin wa'azi ta lasifika, yana cin rabin abincinsa, ya tafi da rabi wurin aiki.

Abincin Lahadi kuwa ɗaya ne, gwaten acca da yakuwa. Mama ba ta taɓa yin sa babu gauta ba, shi kuma Baba bai taɓa haɗiye gauta ba. Sai ya sa cokali ya tsince ta ɗaya bayan ɗaya ya jera a gefen bulon, ya yi ɗan tarin nan nasa na ƙurar auduga, ya ce, "Matar nan, gauta kuma?" Ko tana kusa ko ba ta kusa sai ya faɗa. Ita kuma ta ce mutumin da ke cin abinci ana wa'azi ba shi da bakin zaɓe. Tun ina goye ake wannan faɗan. Da yamma ya dawo da kular a wanke tas, murfin a juye don kada ta yi wari, cokali a kai.

Ranar da abin ya faru muna cikin sujada ta biyu, ni ina cikin mawaƙa a gaba, Mama tana ɓangaren matan zumunta, ƙungiyar matan coci. Sai muka ji wani "dum" daga nesa, ba mai ƙara sosai ba, amma a ƙirji muka ji shi. Kwanon rufi ya yi rawa, ƙura ta zubo a kan littafin waƙata. Wani ya ce taransifoma ce, har aka yi 'yar dariya. Mai kiɗa ya ɗora daga inda ya tsaya. Can sai waya ta yi ƙara a baya, wata ta amsa a gefe, kafin ka ce me, wayoyin cocin gaba ɗaya suna kuka a cikin aljihu da jakunkuna, ba wanda ya ɗauka. Wallahi wannan kukan wayoyin ya fi ƙarar bam ɗin tsorata ni. Fasto ya ajiye makirufo ya sauko.

Mota ce ta tashi da bam a bakin hanya, wurin da ake jiran abin hawa, inda masu shayi da 'yan acaɓa ke taruwa. Ƙasar nan kaf ta ji labarin a rediyo kafin yamma, 'yan'uwa suna ta bugo mana daga Jos da Lafiya. Na bi asibitoci, na shiga inda ake ajiye gawa, na ga abin da ba zan rubuta ba. Baba dai babu shi a cikin masu rai, babu shi a cikin waɗanda ake iya ganewa. Da na dawo gida da yamma na tarar wani ɗan acaɓa maƙwabcinmu a tsakar gida riƙe da kular. A gefen kwalbati ya tsince ta, jar wayar ce ta sa ya gane. Ko ƙwarzane babu a jikinta.

Mama ta karɓa ta buɗe. Rabin gwaten yana nan. Ta sa yatsa a ciki, ta ɗago ta dube mu.

"Da ɗuminsa," in ji ta. "Bai gama ci ba. Zai zo ya ƙarasa."

Dattawan coci suka yi ta zuwa a kan a yi masa sujadar jana'iza ko da babu gawa. Ta ce a kawo mata shi ta wanke, sannan a yi waƙa. Daga nan ta daina cin abinci. Ba kuka take ba, ba surutu take ba, sai dai duk abin da na kawo ta ce, "Ajiye, Babanku bai ci ba tukuna." Kunu kaɗai nake samu ta kurɓa, shi ma sai na yi kamar zan yi mata duka. Zaninta ya fara zagaya ta har ya yi saura. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira mata fasto, duk a banza.

A lokacin garin ya riga ya canza. Aka jera duro cike da siminti a ƙofar kowane coci, aka hana mota matsowa, aka hana mata shiga da jaka. Littafi Mai Tsarki ma a farar leda muke riƙe shi, don a ga abin da ke ciki. Samari suka zama masu tsaro, suna shafa mana wata na'ura mai kuka a jiki, har tsohuwar da ta yi wa uwayensu wankan jego sai ta ɗaga hannu. Ba na ganin laifinsu, tsoro ne. Amma tsoron nan ya sa hannu ya riga baki. A unguwar Television an yi wa wani bawan Allah dukan kawo wuƙa saboda ya ajiye buhu a gindin katanga ya je fitsari, da aka buɗe tsofaffin takalma ne a ciki. Shugaban masu tsaronmu ya tsaya a gaban jama'a ya ce duk wanda suka kama ya ajiye kaya a jikin coci, ba za su tsaya tambayarsa ba.

Ana cikin haka wata Lahadi da safe na ji ƙanshin yakuwa. Na fito na ga Mama a gaban murhu tana yanka gauta. Daɗi ya kama ni, na ce to, Allah ya amsa, yau za ta ci. Ina! Sai ta juye gwaten a kular Baba, ta rufe da mayafinta, ta riga ni fita. Bayan an tashi sujada na ga ta zagaya ta ƙaramar ƙofar baya, ta dawo rungume da kular, fuskarta kamar an kunna fitila.

"Ya ci," ta ce da ni a hankali. "Ke, ya cinye duka."

Na karɓa na duba. A wanke take tas, murfin a juye, cokali a kai. Na ce a raina wani mayunwaci ne ya yi sa'a, ko mahaukacin da ke kwana a kangon lungun. Na ce mata ta jira ni, na leƙa bayan katangar. Babu kowa, famfo yana ɗiga. A gefen bulon ga gauta a jere, ɗaya bayan ɗaya, da sauran danshinta. Na juyo ban yarda na waiwaya ba.

Haka aka ci gaba, Lahadi bayan Lahadi. Lungun ciyawa ta rufe shi, masu tsaro kuma hankalinsu yana ƙofar gaba inda mota za ta iya shigowa, shi ya sa ba wanda ya lura. Amma ni na san rana ɗaya ce kawai. Na durƙusa a gabanta na ce, "Mama, don girman Allah ki bari. Idan yaran nan suka gan ki kina ajiye kula a bayan coci, kashe ki za su yi kafin su gane fuskarki." Ta ce, "To in bar shi da yunwa?" Na ce Baba ya mutu. Karo na farko ke nan da na faɗa da bakina. Ta dube ni kamar na yi ashar, ta ce, "Matacce ne ke tsince gauta?"

Raina ya ɓaci, na ɗauke kular na kai gidan wata ƙawata na ɓoye. Kai, ban ƙara ba. Mama ta kwanta ta juya wa duniya baya, ko ruwa ta ƙi, leɓenta ya tsage. Kafin wata Lahadin ta zagayo da kaina na je na ɗauko na ajiye mata a gefen katifa. Idan na bar ta da kular, samari za su kashe min ita. Idan na raba ta da kular, ita za ta kashe kanta. Kuma wani abu yana ɗaure min kai, matar da ba ta cin komai sai kunu, ga ta tana tashi tana tafiya har coci da ƙafarta.

Sai na ce ko wane ne ke cin gwaten nan, mutum ne ko aljan, yau sai na gan shi. Na ƙi shiga cikin mawaƙa, na riga ta fita na shige kangon da ke kallon mangwaron, na tsugunna a bayan wata taga da ba a sa mata ƙarfe ba. Na ga zuwan Mama, ta ajiye kular a gindin bulon, ta gyara mata zama, ta koma. Rana ta fito sosai. Waƙa tana tashi ta lasifika, ba kowa a lungun sai wata akuya da ta zo ta sunsuna ciyawa, ta tsaya ta kalli bulon, ta yi baya ta canza hanya. Ƙafafuna suka yi tsami. Har na fara jin kunyar kaina.

Da fasto ya fara wa'azi sai ƙaramar ƙofar ta yi ƙara. Na ji takun kafin in ga mai shi, taku ɗaya mai nauyi, ɗaya ana ja. Na san takun nan tun ina rarrafe. Na toshe bakina da hannu biyu.

Mama ce. Mama ce da zaninta na zumunta da ɗankwalinta, amma tana jan ƙafar hagu, kafaɗarta a karkace. Ta zauna a kan bulon ta miƙe ƙafar, ta jawo kular tsakanin cinyoyinta yadda mace ba ta zama. Ta buɗe, ta leƙa, ta yi tarin nan busasshe na ƙurar auduga. Sannan wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Matar nan, gauta kuma?"

Yesu! Ban san lokacin da fitsari ya zubo min ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ina kallo ta tsince gautar ta jera, ta ci gwaten da loma manya-manya irin ta mai sauri zai tafi aiki, tana gyaɗa kai ga wa'azin. Ta cinye, ta ja ƙafa zuwa famfo ta wanke, ta juya murfin, ta ɗora cokali, ta koma ciki. Bayan an tashi ta fito da tafiyarta ta kullum, ta ɗauki kular, ta ga wayam, ta dafe ƙirji don murna. Ba wasa take ba, ba kuma yaudarata take ba. Ba ta sani ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Na san mutanenmu, da sun ji za su ce aljani ne ya shige ta, su kewaye ta da ihu da man zaitun har sai ta suma. Kuma ga shi abincin da take ci ke nan a duk mako, da shi take raye. Sai na zama mai gadin kula. Kowace Lahadi ina cikin kangon nan da sauro, daga lokacin da ta ajiye har ta zo ta ci, ina addu'a kada kowa ya leƙo. Zan faɗi gaskiya, har na fara jiran takun. Ni ma ina kewarsa.

Abin da ya tona mu aikin gayya ne. Wata Asabar matasa suka nome ciyawar lungun kaf, ban sani ba sai da na zo na ga wurin fayau. Mama ta ajiye kular ta koma, ga ta nan shuɗiya a fili, ko makaho ya gan ta. Ana tsakar waƙa wani sabon mai tsaro ya zagayo, ya yi turus, ya kwasa da gudu yana ihu, "Bam! Bam a baya!" Na fito daga kangon ina cewa abinci ne, abinci ne, amma wa zai ji ni? Cocin ya fashe. Mutane ta taga, ta ƙofa, ana tattake yara, takalma ko'ina. Jama'a suka taru can a bakin lungun, nesa, samari da sanduna da duwatsu suna tambayar wa ya ajiye.

Sai ƙaramar ƙofar ta yi ƙara. Lokacinta ne ya yi, ita ba ruwanta da ihun da ake. Ta fito mayafi ya rufe mata rabin fuska, tana jan ƙafa, ta nufi kular kai tsaye.

"Ga ta nan! Za ta tayar!" in ji wani.

Dutse na farko ya daki katanga, na biyu ya same ta a kafaɗa, ko gezau. Ban san yadda aka yi na isa ba, sai ganina na yi a tsakaninsu na ware hannuwa. "Ku jefe ni, 'yan banza marasa kunya! Uwata ce! Kai, ba ita ta yi wa uwarka unguwar zoma ba? Abincin Babana ne!" Shugaban masu tsaron ya ɗaga sanda yana cewa, "Anti, ki matsa, ki matsa!" A bayana na ji ƙarar murfi. Rabin mutanen suka zube ƙasa suka rufe kai.

Ba abin da ya tashi sai ƙanshin yakuwa. Wurin ya yi tsit, har ɗigar famfo ana ji. Sai tarin nan, sannan muryar.

"Matar nan, gauta kuma?"

Duk wanda ya san Baba ya ji. Na ga wata mata ta yi alamar gicciye tana ja da baya, sandar shugaban ta sauko a hankali. A cikin dattawan coci akwai wani tsoho da suka yi aikin masaƙa tare da Baba. Shi ne ya ratsa mutane ya matso, ya cire hularsa. Ya tsaya a gabanta ya ce, "Sannu da hutawa, abokina."

Ta ɗago za ta amsa. Bakinta ya buɗe, sai idonta ya sauka a kan tsohon, ya wuce kan jama'ar da ke kwance a ƙasa, ya dawo kaina. Ina kallo kafaɗar nan ta miƙe, ta janye ƙafar ta rufe da zani. Ta dubi cokalin da ke hannunta. Ta dubi gautar da ke jere. Ta taɓa leɓenta ta ga gwate a yatsa.

"Ni ce?" ta tambaye ni da muryarta.

"Ke ce, Mama."

"Duk Lahadin nan?"

"Duka."

Ta daɗe tana kallon cikin kular. Sannan ta ce, "To shi me yake ci?"

Tsohon ya mayar da hularsa ya juya yana share ido. A nan Mama ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da wayoyi suka yi kuka, na rungume ta a kan bulon, gwaten ya zube mana a jiki. Sojoji sun zo daga baya, suka leƙa kular suka tafi. Wasu mata sun fara maganar a yi mata addu'ar fitar da aljani, tsohon ya ce duk wadda ta taɓa ta shi da ita ne. Shugaban masu tsaron ya zo gida ba da haƙuri, ban ba shi kujera ba, kuma har yau gaisuwarmu daga nesa ce.

A makon ta aika wa dattawa cewa a yi sujadar. Aka yi, aka yi waƙa, babu akwati. Ta fara ci a gida kaɗan-kaɗan, da fari sai na zauna a gabanta kamar mai ba yaro magani. Muryar ba ta ƙara dawowa ba. Na tsare ta daga duwatsu, amma a ranar ce Baba ya mutu mata, kuma akwai lokacin da nake tambayar kaina ko ta gode min.

Yanzu tana wurina a Narayi, ta tsufa, ido ya yi rauni. An kwashe durorin siminti daga ƙofar coci da yawa, 'ya'yana ma ba su san dalilin da ya sa nake tsallaka titi idan na ga kaya a ajiye ba. Kular tana saman kabad ɗinta, murfin a juye. Har yanzu ita ke yin gwaten Lahadi, ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunya. Wata rana ina ci na ji wani abu ya ɓace a bakina, na juya cokali na duba, sai na gane rabon da in ga gauta a gwatenta tun ranar nan.

Na ce, "Mama, kin daina sa gauta ne?"

Ta ce, "Ni dama ban taɓa son ta ba, ɗaci gare ta."

Na ajiye cokalin ina kallon ta. Ta ci gaba da goge murfin tukunya da bakin zaninta, ba ta ɗago ba.

"In na sa," in ji ta, "wa zai tsince?"